Mai Dokar Barci a Filin Jirgin Jidda

Gyaran waya ne sana'ata a Tudun Wada, shi ya sa da tafiyar Umara ta kama, tun a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa na naɗa wa kaina sarautar malamin ayari. Kafin mu kai Idu na karɓi wayar kusan kowa a taragonmu na kashe musu romin, wato amfani da layin gida a kan sabis ɗin wata ƙasa. Har da huɗuba na haɗa: datar da ka saya ta wata a Najeriya ba ta tsallaka iyaka tare da kai. Da zarar layinka ya kama sabis ɗin wata ƙasa, daga kuɗin katinka ake yankar duk abin da wayar ta sha, a kan farashin baƙunta. Wani dattijo, Alhaji mai ƙaramar waya mai tocila, ya ce, "Injiniya, Allah ya yi maka albarka." Na ce amin ina gyara zaman hula.

Wayata mai layi biyu ce, kowanne na zuba masa katin naira 10,000 saboda tsaro.

Muna sauka Jidda na cire alamar jirgin sama. Wayar ta yi ɗan shiru, sai ta fara rawar jiki a aljihu kamar mai zazzaɓin dare. Na ɗauka 'yan uwa ne ke yi min barka da sauka. Ashe bidiyon bikin 'yar ƙanwata ne ke sauka daga zauren WhatsApp na danginmu, tun daga kamu har buɗar kai, ga kuma Play Store ya ga dama ta samu yana sabunta manhajoji. Ban gama layin duba fasfo ba saƙo ya shigo cewa kuɗina bai isa ci gaba da hawa intanet ba.

A nan na tsaya na duba abin da na san shi tun kafin wasu su fara riƙe waya. Maɓallin da aka rubuta wa Data roaming ba ɗaya ba ne ga wayar gaba ɗaya. Kowane layi da nasa. Na kashe na layin farko, alhali datata a kan na biyu take. Sai ka shiga saiti, ka buɗe wurin layukan, ka taɓa kowanne daban ka kashe masa. Akwai kuma wani maɓallin munafuki da ke ba waya izinin tsallakawa ɗaya layin da kanta idan sabis ya yi rauni. A iPhone sunansa Allow Cellular Data Switching, wayoyin Android da yawa ma suna da irinsa. Shi ma a kashe yake da lafiya. WhatsApp kuwa, a ƙarƙashin Storage and data akwai wurin da ake zaɓar abin da zai sauka da kansa lokacin romin, nawa kuma tun wata tafiya Maraɗi na cika shi da alamar amincewa na manta.

Na haɗiye abin ban gaya wa kowa ba. Ai saura layi ɗaya da kuɗinsa cif.

Muna cikin motar Madina Kawu ya kira daga Kawo. Na yi lissafin 'yan gida, wanda ya kira ai shi ke biya, na ɗauka da fara'a. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin garin, sannan ya ce, "To ɗan nan, ɗauko biro." Ya jero mutum tara da zan yi wa addu'a da sunayen iyayensu. Ya miƙa wa Gwaggo, ita kuma ta shiga lissafin tsaraba: dabino ajwa, zamzam, bagaruwa, kwalli, da carbi mai haske da dare. Ana cikin bayanin launin dardumar da take so layin ya tsinke ɗif.

A ƙasar waje amsa kira ma biya ake yi. Kawu ya biya kuɗin kiran gida ne kawai, domin lambar Najeriya ya buga. Ɗauko muryarsa daga Kawo zuwa hamadar Hijaz kuwa a wuyana yake, minti bayan minti. Abin da yawanci ke shigowa kyauta shi ne saƙon tes. Saboda haka ba a cire layin gida a jefa jaka, musamman wanda banki ke turo wa lambar tabbatarwa. A bar shi a kunne, romin ɗin data a kashe, in ya yi ƙara a kalle shi a yi masa fatan alheri. Wanda ya saita karkatar da kira zuwa akwatin saƙon murya ya danna ##002# tun yana gida, ya soke shi.

Da muka isa masauki na yi abin da ya kamata in yi tun a filin jirgi, inda na wuce rumfunan kamfanonin wayar Saudiyya, STC da Mobily da Zain, ina hura hanci. Na je shago da fasfo, aka ɗauki hoton yatsana, aka ba ni layin baƙi mai data a ciki. Na cire layina na biyu na liƙe shi da salatif a bayan rigar wayar, na sa na Saudiyya, na ɗora data a kansa. WhatsApp bai san an yi ba, yana nan a kan lambata ta +234. Idan ya tambaye ka ko za ka canja lamba, ka ce a'a. Mai wayar zamani yana iya hutar da kansa wannan cire-ciren: ya danna *#06#, in ya ga lambar EID ta fito, wayarsa na ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da sa ɗan katin SIM ba, sai ya saya tun yana Kaduna. A masauki kuma na koma kunna alamar jirgin sama sannan in buɗe Wi-Fi a kanta, na sauke taswirar Makka da Madina a Google Maps don ta yi aiki ba intanet.

Amma kafin duk wannan, a daren farko, sai da na nemi wayar da zan shaida wa maiɗakina mun sauka lafiya. Na bi ɗakuna ina sallama ƙasa-ƙasa har na faɗa hannun Alhaji mai tocila. Katinsa na naira 2,000 na nan ko kwabo bai taɓu ba, don wayar tasa ba ta san wani abu wai shi intanet ba.

Ya miƙo min ita, ya ce, "Injiniya, tes za ka tura, kada ka kira. Wani masani ya yi mana bayani a jirgin ƙasa."