Agogon da ke cikin rubutun gwajinka ba saurin manhaja yake aunawa ba

'Yan uwa masu haɗa manhajojin waya, musamman masu rubuta gwajin da ke tafiyar da kansa, akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakaninmu kuma ta daɗe tana damuna. Mutum zai rubuta gwaji da Appium, manhajar da ke danna waya a madadin mutum, ya ɗauki lokaci kafin a danna maɓalli, ya sake ɗauka bayan shafi na gaba ya fito, ya debe wannan daga wancan, sannan ya kai wa oga ya ce ga saurin manhajarmu. Wannan adadin ba na manhajar ba ne ita kaɗai, kuma bai kamata a yanke hukunci da shi ba.

Appium ba ya taɓa waya kai tsaye. Umarninka zai fita ta HTTP zuwa sabar Appium, daga can a miƙa shi ga abin da ke sarrafa wayar, wato UiAutomator2 in Android ce, ko XCUITest in iPhone ce, a laluba allo a nemo maɓallin, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo. In wayar ma ta haya ce da ke ajiye a wata ƙasa, tafiyar ta ƙaru. Kamar ka aiki yaro shago ne, ka ɗora wa mai shagon lokacin da yaron ya ci a hanya. Ga kuma WebDriverWait, wanda in ba ka sauya masa ba, sai bayan kowane rabin daƙiƙa yake leƙawa ya ga ko abin da ake jira ya bayyana. Shafin da ya buɗe a milisakan 520 zai iya shiga rahoto da daƙiƙa guda. Da irin wannan ma'auni, ta yaya za ka gane sabon aikin da aka ƙara jiya ya jawo nauyin milisakan 150?

Kar wani ya ce 150 ba komai ba ne. Tun 1968 Robert Miller ya yi rubutu kan jiran ɗan Adam a gaban na'ura, Jakob Nielsen ya sake jaddada shi a 1993: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mutum na jin abu ya amsa nan take, daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai yanke ba, daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jiran da muke sa wa gwaji don kar ya faɗi. An ga yana faɗuwa lokaci-lokaci, sai a ce ya jira daƙiƙa 30. Daga ranar, ko shafin biyan kuɗi ya tashi daga daƙiƙa biyu ya koma tara, allon rahoto kore ne shar, kowa hankalinsa kwance. Alhali Google Play kansa yana lissafa buɗewar farko da ta kai daƙiƙa biyar a matsayin wadda ta wuce kima.

Ni a ganina, a bar Appium ya yi aikin da ya iya, wato dannawa da bin matakai, awo kuma a tambayi wayar. A Android, umarnin am start -W yana ba ka lokacin buɗewa, Logcat, kundin da ke rubuta abin da ke faruwa a wayar, shi ma yana rubuta lokacin a layin Displayed. Sai dai wannan hoton farko kawai yake nufi, wanda sau da yawa fanko ne da ɗan zobe yana juyawa, don haka a sa reportFullyDrawn, wanda ke sanar da wayar cewa shafi ya kammala, a inda bayanai suka gama sauka. Macrobenchmark, kayan awon sauri na Android, zai maimaita awon sau da dama ya bar maka tarihin da za ka buɗe a manhajar Perfetto ka ga inda lokacin ya zube. Masu iPhone suna da XCTApplicationLaunchMetric don auna lokacin buɗewa.

Sai maganar wayar da ake gwajin a kanta, inda nake ganin mun fi cutar mutanenmu. Ana aunawa a wayar kwaikwayo da ke cikin babbar kwamfuta, a kan Wi-Fi ɗin ofis, cikin sanyin AC. Mai amfani da manhajar kuwa yana riƙe da itel ko tsohuwar Tecno mai RAM 2GB, bidiyoyin WhatsApp sun cika ta, netwok na zamewa daga 4G zuwa 3G, ga zafin watan Afrilu da ke sa waya ta rage wa kanta gudu don kar ta ƙone. Ɗan kasuwar da ke tsaye a Kwari yana son tura kuɗi, in ya danna ya ga shiru, sake dannawa zai yi, zuciyarsa na dukan uku-uku kar a cire masa sau biyu.

Kuma a daina kawo mana matsakaici shi kaɗai. Gwaji tara na daƙiƙa ɗaya da guda na daƙiƙa 11, matsakaicinsu biyu ne, wanda ya sha jiran 11 ɗin ya ɓace a lissafi. A nuna mana mafi nauyin kashi goma cikin ɗari, a kan manhajar da za a saki ga jama'a, ba ta gyaran kurakurai ba, a kan ƙaramar waya ta gaske. A sa wa wannan adadin iyaka, ranar da ya haura ta gwajin ya yi ja, a dakatar da sakin har sai an gyara.