Fam arba'in, awa ɗaya, motsi ɗaya

Tun da na saka hoton 'yata riƙe da sandar atisaye, iyaye mata uku suka turo min saƙo suna tambaya ko su ma su ɗaukar wa 'ya'yansu malamar rawar bale ta musamman, wato rawar Turawan nan ta juyi da tsayuwa kan yatsun ƙafa. Bari in amsa a nan gaba ɗaya, don amsar ta fi ƙarfin "e" ko "a'a".

Mu nan Birmingham ta Ingila muke zaune. Yarinyar ta fara bale tana shekara 7, ajin ranar Asabar a wani zauren unguwa, su goma sha huɗu da malama ɗaya. Yanzu shekarunta 10. Bara na lura wasu sa'o'inta sun wuce ta, sai jinin Kanawa ya motsa. Mu dai abin da muka sani, idan yaro ya yi rauni a lissafi, a ɗauko malamin lesin ya zo gida, wata uku a ga canji. Na ce to, wannan ma haka za a yi. Na samo wata dattijuwa da ta yi rawa a dandamali a ƙuruciyarta, har yau tafiyarta kamar ta agwagwa, ƙafafu a buɗe. Fam arba'in duk awa.

Ranar farko na zauna a benci ina jiran in ga tsalle da juyi. Abin da na gani shi ne: yarinya ta dafa sanda da hannu ɗaya, ta zura ƙafa gaba tana shafar ƙasa har sai kan yatsa kaɗai ya rage, ta dawo da ita. Ta sake. Ta sake. Malama ta durƙusa ta riƙe diddigenta da hannu, tana cewa a'a, ba daga nan ba, daga sama. Rabin awar ko kiɗa ba a kunna ba. Ni kuwa ina zaune ina mayar da fam arba'in zuwa naira a zuciyata, raina na ƙara ɓaci. Da muka shiga mota na ce mata, "Ke, yau me kuka yi?" Ta ce, "Umma, cinyoyina rawa suke." Na duba, wallahi karkarwa suke yi.

Sai a mako na uku na gane abin da matar take nema. A bale ana son ƙafafu su juya waje, amma juyin daga ƙugu ake yin sa, inda ƙashin cinya ya shiga mazauninsa. 'Yata kuwa, don ta burge a aji, tafin ƙafar kawai take murɗewa ta dafe shi da ƙasa, gwiwa tana kallon gaba, yatsu suna kallon gefe. Shekara biyu tana haka, malamar da ke fama da yara goma sha huɗu ba ta kama ba. Ciwon gwiwar da take kuka da shi da daddare, wanda nake cewa girma ne, ashe daga nan yake. Sai da aka yi wata uku ana warware wannan ɗabi'ar kafin ciwon ya ɗauke. A nan kam kuɗina ya yi aiki, ba zan yi butulci ba.

Inda na yi kuskure shi ne da na ɗauka lesin zai gajarta hanya. Na je na sami matar na ce tunda muna biya, a sa yarinya a takalmin nan na tsayuwa kan yatsu, ƙawarta ta fara. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ba yanzu ba. Yawancin malaman kirki ba sa yarda kafin shekara 11 ko 12, shi ma sai an ga idon sawu da baya da ciki sun yi ƙarfi, bayan an yi shekaru ana zuwa aji fiye da sau ɗaya a mako. Ƙasusuwan ƙafar yaro ba su gama ƙwari ba. Shi kuma takalmin, ba katako ba ne a bakinsa kamar yadda nake zato, ƙyalle ne da takarda da gam aka jera aka daskarar, nauyin jiki duka kuwa a kan ɗan wurin nan yake sauka. Ta ce min, a hankali ba da faɗa ba, idan ina gaggawa akwai waɗanda za su karɓi kuɗina, amma ba ita ba. Na fita ina huci. Kwana biyu ina ƙorafi wa maigida, shi kuwa cewa ya yi, "To ai gaskiya ta faɗa miki."

Daga baya na zauna na karanta yadda masu abin suke yi. Sarkin Faransa Luwi na 14 ne ya kafa makarantar rawa ta sarauta a 1661, shi ya sa har yau ko a Legas ko a Tokyo da Faransanci ake kiran sunayen motsin. A makarantar bale ta Vaganova da ke birnin Saint Petersburg na Rasha, wadda tarihinta ya faro tun 1738, yaro yana shiga da kimanin shekara 10, ya yi shekara takwas ana horar da shi kusan kullum. Bayan duk wannan wahalar, sana'ar gajera ce: a gidan rawar Opera na Paris, shekara 42 ake yin ritaya. Kuma duk waɗannan wurare a aji ake koyarwa, cikin jama'a. Akwai dalili. A aji yarinya take koyon haddace jerin motsi daga gani ɗaya, ta san tazararta da ta gefenta, ta faɗi a gaban mutane ta tashi ta ci gaba. Wadda ta saba ita kaɗai da malama mai jiran ta, ranar da aka jera su ashirin a layi ɗaya sai ta rikice.

Na san wani zai kawo min labarin Anthony Madu, yaron Legas ɗan shekara 11 da bidiyonsa ya karaɗe duniya a 2020, yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama. Malaminsa Daniel Ajala kyauta yake koyar da yaran unguwa, shi ma ta intanet ya koya wa kansa. Gaskiya ne ba lesin mai tsada ya kai yaron can ba. Amma a ƙarasa labarin: daga baya makarantar Elmhurst ta nan Birmingham ya zo, inda ake atisaye safe da yamma tsawon shekaru. Baiwa ta buɗe masa ƙofa, sauran kuma awoyi ne da ba wanda zai yi masa.

(Yayata ta Kano har yanzu ba ta huce ba. "Rawa kike biya wa kuɗi? Rawa?" Na ce Yaya, kaya masu dogon hannu da dogon wando take sawa, ajin mata ne zalla, Islamiyya kuma ba ta taɓa fashi saboda shi ba. Maganar abin da za a yi idan ta balaga, ni da babanta mun san zama na jiran mu, ba mu ɓoye mata ba.)

Saboda haka ga masu tambaya: idan akwai wata matsala takamaimai, ko jarrabawa ta matso, ko ciwo ya ƙi tafiya, ɗaukar malama na ɗan lokaci yana da amfani sosai. Idan kuwa don 'yar wance ta wuce taki ne, ki riƙe kuɗinki ki ƙara mata aji na biyu a mako, ya fi arha, ya fi amfani. Mu haka muka yi. Lesin ya koma sau ɗaya a wata.

Yanzu da yamma ina girki tana dafe da bakin wurin wanke-wanke, tana ɗagawa kan yatsu tana sauka, sau goma sha shida kowace ƙafa, sannan ta shimfiɗa tawul ta riƙa tattaro shi da yatsun ƙafa. Hoton takalmin da ta yanko daga wata mujalla yana manne a jikin firij. Malama ta ce za ta sake duba ƙafar bayan babbar sallah.