Karen Alhaji ya ciji 'yata, ni kuma aka ce in yi haƙuri

Yau kwana talatin da ɗaya ke nan da karen maƙwabcinmu ya yagi ƙaurin 'yata. Abin da ya fito daga gidan mai karen zuwa yanzu naira dubu biyar ce a ambulan, da "Allah ya kiyaye gaba" ta bakin maigadinsa. Na mayar da ambulan ɗin yadda ta zo. Mutanen layinmu sun ce na yi rashin kunya, wai ban san haƙƙin maƙwabtaka ba. To bari in zayyana yadda aka yi, kowa ya auna da kansa.

Shekarar yarinyar tara. Wata Laraba dab da magariba suka taso daga Islamiyya, nan cikin Tudun Wadar Zariya. Maigadi ya wangale get domin motar maigidansa ta shiga, sai ƙaton karen nan irin na Turawa ya fito a sukwane. Yara suka watse. Ita hijabinta har ƙasa, ya harɗe ta ta faɗi, karen ya danne ta. Mai shayin bakin layi ne ya kore shi da benci. Da aka ɗauko ta, haƙora huɗu sun nutse a ƙaurinta na hagu, safarta ta jiƙe sharkaf da jini.

Kafin in iso gida har wata tsohuwa ta ba da shawara a je a samo gashin karen a ƙona a barbaɗa a ciwon. Allah ya taimake mu akwai wani yaro a gidan haya na kusa da mu, yana karatun likitan dabbobi a Samaru. Shi ya hana. Ya sa aka kawo sabulu da buta, aka yi ta kwarara ruwa ana wanke wurin har minti goma sha biyar, tana ihu, uwarta na kuka, sannan ya ce mu nufi asibiti a daren.

A asibiti aka yi mata allurar tetanus, aka ce ba a gaggawar ɗinke cizon kare, na yarda da wannan. Amma allurar da ta kai mu, ta rigakafin ciwon haukan kare, sai aka ce babu, in je kemis. Ƙarfe goman dare ina kan acaɓa, daga wannan kemis zuwa wancan, har Sabon Gari. Kuma ba guda ɗaya ba ce, biyar aka rubuta: ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14, da ta 28. Ga wata kuma da ake yi a bakin ciwon idan haƙori ya shiga sosai, wadda ta fi sauran tsada da wuyar samu. Allura ce da dole ta zauna cikin sanyi, a garin da wuta ke yi mana leƙo ta koma. Duk wadda na saya sai na tsaya ina kallon firjin mai kemis ina tambayar kaina, anya jiya da dare wannan firjin ya yi aiki? Albashina na wata guda bai rufe abin da na kashe ba, sai da uwar yarinyar ta sayar da tunkiyar da take kiwo domin layya.

Masu cewa na cika zafi, sun san abin da ake gudu kuwa? Ciwon nan da zarar alamunsa sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to kusan sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma huɗu cikin goma na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da wannan tunanin na kwana wata guda. Yarinya ta ce ba ta jin ƙishirwa, gabana ya faɗi.

Washegari na je gidan Alhaji. Sai da na yi kusan awa ɗaya a tsaye a bakin get. Da ya fito na gaishe shi da ladabi, na ce, "Alhaji, alfarma biyu nake nema. A nuna mini katin rigakafin karen, sannan a ɗaure shi kwana goma a ga lafiyarsa, haka likita ya ce."

Ya ce, "Malam, karena ya fi wasu mutanen cin mai kyau. Lafiyarsa lau. Yaranku ne ke jifarsa."

Kati dai ban gani ba har yau. Kwana biyu bayan nan aka daina jin haushi a gidan. Na tambayi maigadi, ya sunkuyar da kai ya ce an kai shi gona. Wace gona? Bai sani ba. A Zariya fa muke, garin da ke da tsangayar likitancin dabbobi sukutum a jami'ar Ahmadu Bello, a ƙasar da ake yin allurar rigakafin karnuka a Vom ta jihar Filato. Mutumin da ke da kuɗin sayen kare daga waje da naman ciyar da shi, kuɗin allura sau ɗaya a shekara ne zai gagare shi? Ganin dama ce kawai.

Na tafi wurin mai unguwa. Ya saurare ni tsaf, ya tausaya, sannan ya ce, "Malam, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ƙaddara ce, a yi haƙuri." Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda da ƙaddara. Amma barin kare babu sarƙa aikin mutum ne." Ya ce zai yi magana da Alhaji. Sakamakon maganar ita ce ambulan ɗin nan.

A caji ofis kuwa, wanda ke kan kanta har murmushi ya yi. "Yanzu kare kake so mu kamo?" Na ce a'a yallaɓai, mai karen. Aka rubuta, aka ce a je a sasanta, wai magana ce ta maƙwabta. Alhali sakaci da dabba har ta jefa rayuwar mutane cikin haɗari laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. Wani lauya abokin ƙanena ne ya tabbatar mini, kuma shi ne ya buɗe mini ido a kan abin da ya fi ƙona mini rai a duk lamarin nan.

Ya ce a tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila, kare dabbar gida ce, ba kamar kura ko zaki ba. Hanya mafi ƙarfi ta karɓar diyya ita ce in tabbatar wa kotu cewa mai karen ya riga ya san karensa na kai wa mutane hari. In na tabbatar da haka, babu wata mafita gare shi: kuɗin magani, na zirga-zirga, na wahalar da yarinya ta sha da tabon da ya rage, duk a wuyansa. Ko matarsa ce aka taɓa kai wa ƙara, ko wanda ke kula da karen, ana iya ɗauka shi ma ya sani. In ba haka ba, sai dai in bi ta hanyar sakaci, in nuna an buɗe get an bar kare a sake, lokacin da yara ke wucewa.

Na je wurin malaminmu na zaure, domin wani a majalisa ya ja mini hadisin da ke cewa ɓarnar dabba ba ta da diyya. Malam ya gyara zama ya ce an ɗauki kan magana an bar jikinta. Wancan dabbar da ta yi ɓarna ce babu sakacin kowa. A wurin malaman Malikiyya, wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai kawar da shi ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Ka ji ikon Allah, boko da fiƙihu sun haɗu a wuri ɗaya: an taɓa gaya masa?

An taɓa mana! Kowa a layin nan ya san karen ya taɓa yage wandon wani almajiri da ya je bara. Ya taɓa kayar da mai tallan awara, robarta ta kife. Bara ya ciji ɗan wani magini a hannu, aka ba uban kuɗin allura a ɓoye aka ce ya rufa asiri. Duk an yi haƙuri. Babu wanda ya kai wa mai unguwa a gaban shaidu, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Na bi su gida-gida ina roƙo su tsaya mini shaida. Maginin ya ce, "Yaya, ka yi mini rai, Alhaji ne ke ba ni aiki." Uwar mai awara ta ce ita ba ta shiga kotu ko da kuɗi. Almajirin kuwa malaminsu ya tashi da su, ban san inda suka nufa ba. Mai shayi kaɗai ya ce ko gobe aka kira shi zai je, shi da ba ɗan garin ba ne ma.

Haƙurin da aka yi ta yi shekara da shekaru shi ya share wa Alhaji hanya, yau ya dube ni ya ce karensa bai taɓa cizon kowa ba. Kuma mutanen da suka yi shirun su ne ke tare ni a ƙofar masallaci suna cewa, "Haba Malam, a kan kare za ka kai maƙwabci kotu?" A kan kare? 'Yata ce kare? Da akuyata ce ta shiga gidansa ta cinye furannin da ya shuka, wallahi kafin la'asar an aiko mini da lissafi.

Ba arziki nake nema da ƙafar 'yata ba. Abin da na kashe nake so a biya ni a gaban alƙali, a rubuce, domin in karen ya sake taɓa ɗan wani, kada a ce ba a sani ba. Rasit ɗin kemis goma sha ɗaya, katin asibiti, hotunan ciwon tun daren farko, duk suna cikin leda a ƙarƙashin katifata. Ranar Litinin ni da lauyan za mu shigar da ƙara, da shaidana ɗaya tak.

Shekaranjiya da asuba na sake jin haushin. An dawo da shi daga "gona", tunda an ga ƙura ta lafa. 'Yata ma ta ji. Ta ajiye kofin kokonta, ta ce, "Baba, yau ta bayan layi za ka kai ni makaranta ko?"