Tumatirin Holan da na Kadawa: wa ya fi sanin lokacin dashe?

A makon jiya, a filin lambunan haya da ke bayan unguwarmu a nan Holan, wata dattijuwa da fangalinta ke maƙwabtaka da nawa ta ce mini mu mutanen Afirka mun huta, tunda rana ba ta yanke mana, sai dai mu watsa iri mu koma inuwa. Da fara'a ta faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Gaskiya ne masu lambu a Holan suna shan wahala. A watan Disamba hasken rana a nan bai cika awa 8 ba, kuma dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kashe tumatir. Saboda haka mai lambu yakan shuka iri a ƙananan tukwane tun Fabrairu ko Maris, a cikin ɗakin gilashi ko a bakin taga, ya yi ta renonsa. Idan sanyi ya fara janyewa ba ya dasawa kai tsaye: yakan fitar da tukwanen waje da rana, ya mayar da su ciki da yamma, har mako ɗaya ko biyu, domin tsiron ya saba da iska. Sannan ya jira tsakiyar Mayu, wajen 11 zuwa 15 ga wata, kwanakin da suke dangantawa da wasu waliyyansu, waɗanda bayansu ake sa ran ƙanƙarar dare ta wuce. Manyan manoma kuwa, a yankin Westland kusa da birnin Hague, ba sa jiran kowa. Gidajen gilashinsu sun rufe ƙasa iyakar ganin ido, ana ɗumama su da iskar gas, fitilu na ci har sararin sama ya yi ja da dare, saiwar tumatir ma ba ta taɓa ƙasa. Na yaba tsarin, ko da yake tsadar gas a 2022 ta sa wasunsu kashe fitilun.

To amma wanda ya san Kadawa da Kura a jihar Kano ya san namu lissafin bai fi nasu sauƙi ba, juye yake kawai. Hunturu ne lokacinmu na tumatir da latas da kabeji da karas, kuma wanda ya makara da dashe zai tarar da zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, yana kakkaɓe masa fure. Su sanyi suke gudu, kuma sanyi ana iya saye masa gilashi da wuta. Manominmu ba shi da rufin da zai kare shi daga rana, ba shi da ɗakin sanyi, ga tsutsar da ta cinye gonaki a 2016, amma duk da haka motocin kayan gwari suna tashi daga kasuwar Kwanar Gafan har Legas. A ganina ƙwarewar da ba ta da jari a bayanta ita ce ta fi cancantar yabo.

Abin da ya fi damuna shi ne, a nan ƙaramar hukuma kan ware fili domin lambu a cikin gari, mutane su yi rajista su jira shekaru kafin su samu. Mu kuwa a birnin Kano, lambunan Kwakwaci da na bakin kogin Jakara, da suka daɗe suna kai alayyahu da latas kasuwa, gine-gine suna ta matse su, sauran kuma da ruwan kwata ake ba su. Duk zuwan da na yi Kano sai na tarar an yanka wani fangalin an mai da shi fuloti, an zuba bulo ana jiran magini.