Manya Sun Shirya, 'Yan Unguwa Na Nan Da Gabarsu

A shekarar 2022 Malam Ibrahim Shekarau ya bar APC ya shiga NNPP, inuwa ɗaya da Rabi'u Musa Kwankwaso, mutumin da ya kayar a zaɓen gwamnan Kano na 2003. Ba a rufa wata huɗu ba ya sake sheƙa zuwa PDP. Ganduje kuwa sau biyu yana yi wa Kwankwaso mataimaki kafin a raba gari. Su manyan haka suke, yau a ɓata, gobe a yi musabaha. Amma a unguwa akwai maƙwabtan da ba sa ga maciji saboda launin hula, har ɗaurin auren juna sun daina zuwa.

An saba ɗora laifin a kan sojojin baka, kuma suna da nasu kason, domin wanda ake biya ya yi zagi a rediyo ba zai kawo hujja ba. A ganina dai ciwon ya fi nan zurfi. Muna zagin mutane ne saboda ba mu san aikin kujerun da suke kai ba. Zauna a teburin mai shayi ka tambayi haƙƙin wa ne gyaran kwatar da ke ambaliya duk damina. Wani zai ce gwamna, wani sanata. Alhali kundin tsarin mulkin 1999 ya sa magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota a wuyan ƙaramar hukuma. Sanata doka yake yi, yana sa ido kan kasafi. Wanda bai san wannan ba, da me zai auna wakilinsa in ba da buhun shinkafa ba?

Ana koyar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa a makarantu, sai dai haddar jarrabawa ce, kuma da Turanci. Hukumar wayar da kai ta NOA tun 1993 take, amma sai zaɓe ya matso muke jin ɗuriyarta. Yarjejeniyar zaman lafiya irin wadda Jonathan da Buhari suka sa wa hannu a 2015 ta yi rana, amma a Abuja aka yi ta. Rigimar kuwa a ƙofar gida take.

Kano na da mazaɓu 484. Me zai hana duk wata uku mai unguwa da liman su shimfiɗa tabarma, kansila ya zo ya zauna, a ba mata nasu lokacin? Sharaɗi ɗaya: ba ambaton ubangidan kowa, sai asibitin unguwa da rufin firamare. Za a ce 'yan jam'iyya za su kwashe zaman. Za su gwada, shi ya sa ba kansila zai riƙe lasifika ba.

Tambayar farko ma a shirye take. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Nawa ne ya shigo tamu, kuma me aka yi da shi?