Ku bar wa magangarar ruwa hanyarta ta ƙafa

Da zarar ruwan sama ya sauka a tsaunukan Sarawat na Saudiyya, sai wayoyinmu su cika da bidiyon magangarar ruwa, ga Dahna a Tanuma, ga ta dajin Khaira a Baha. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya ishe ni shi ne ƙorafin da ke biyo baya a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda. Wai sun je wani kwari, sai da suka ajiye mota suka yi ta hawa da gangara cikin duwatsu kafin su ga ruwan, to me ya hana baladiyya, wato hukumar gari, ta shimfiɗa kwalta har bakinsa?

Haba jama'a! Ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya da ke gudana rani da damina. Ruwan da kuke ɗauka a waya, dajin ne ke riƙe da shi. Itatuwan ar'ar da ke saman tsaunukan su ke tare hazon da ke tasowa daga Tihama, ƙasar gaɓar teku da ke gindinsu, ya zama ɗigo ya shige ƙasa, saiwoyinsu kuma su hana ƙasar zaizayewa. Tuni ar'ar ɗin ke bushewa daga rassa a wurare da dama, saboda fari, da kiwo, da saran itacen gasa nama, da kuma hanyoyin da aka fasa a jikin dutse suka karkatar da ruwa. Yanzu a ƙara kawo katafila, a zuba siminti, sannan gobe a dawo ana mamakin yadda ruwan ya koma jar laka ta kwana biyu.

Wanda ke son ganin inda mota ke kaiwa har gindin itace ya leƙa dajin shaƙatawa na Raghadan a Baha ranar Juma'a a lokacin zafi. Birai sun bar kiwo sun koma jiran ragowar shinkafar kabsa a cikin leda.

Za a ce ina tsofaffi da masu goyo? Masu ƙorafin nan dai majiya ƙarfi ne, mutanen da ke sa'ayin kimanin kilomita 3 tsakanin Safa da Marwa ba su ce uffan ba.

Sannan ba su yi lissafin abin da ke bin kwalta ba. A 2023 Yarima Muhammad bin Salman ya sanar da aikin Soudah Peaks a kan tsaunin Suda mai tsayin mita 3,015, aikin manyan otal-otal ne na masu hannu da shuni. Inda aka kashe kuɗi irin wannan, ƙofa da tikiti ke biyowa. Siririyar hanyar nan da kuke rainawa ita ce direba da tela za su bi da 'ya'yansu ba tare da an tambaye su ko riyal ɗaya ba, amma ku da bakinku kuke roƙon a shafe ta.

Gwamnatin da ta yi alkawarin dasa itatuwa biliyan 10 a 2021, ya kamata ta fara kare waɗanda ta tarar a tsaye. A sa alamomi a hanyoyin, a hana shiga kwari idan hadari ya haɗu don gudun ambaliya, mai kunna wuta a gindin ar'ar kuma a ci shi tara.