Takalmin kwali bai fi na baduku ba

Mutane da yawa a Sakkwato sun ɗauka takalmin da ya zo cikin kwali daga waje ya fi wanda badukun unguwa ya ɗinka. Ba haka abin yake ba. Da yawa cikin masu arhar nan yadi ne aka shafe da roba, aka buga masa zanen fata. Da zafin bazara ya dake shi sai ya fara tsattsagewa yana ɓarewa, babu mai gyaran da zai ceto shi, ƙarshensa bola ko kwata.

Alhali fatar jar akuyarmu tana cikin waɗanda duniya ke yabo. Ita ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa na saye daga Maroko har suka laƙaba mata sunan ƙasar.

Kafin ka biya, duba bakin yankan. Fata ta gaske tana da kaushi daga ciki, ga warin jima. Roba kuwa sumul take, da yadi manne a bayanta. Na baduku in ya tsinke ana sake ɗinke shi, a sauya masa ƙasa, kuɗinka kuma ya kai ga majemi da makiyayi.